Fuskar Yaron da ke Cikin Akwatin Gilashi

Scafati, Lahadi, 3 ga Satumba, 1972

Zuwa ga ɗana Aniello,

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da matarka Rosaria da yara duka. Ina roƙon Ubangiji Allah ya sa wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, Budurwa Maryamu ta rufe ku da mayafinta a wannan ƙasa ta Ostireliya mai nisa, ta tsare maka hannuwanka da idanunka daga wutar masana'antar ƙarfe. Wasiƙarka ta watan Yuni ta iso, tare da hoton yara a bakin teku. Na maƙala shi a jikin madubi, inda babanka yake iya ganinsa daga gado.

Babanka yana nan yadda ka sani. Ɓarin dama bai dawo ba, magana ma ba ta dawo ba, amma yana cin taliya in ta yi laushi, kuma ciwon bayansa ya rufe. Gwaggonka Assunta ta zame a matakala, ƙafarta ta kumbura kamar kabewa, sai dai bakinta lafiya lau, har ya fi da. Ni gwiwoyi ne kawai, su ma da safe. Titina 'yar ƙanwarka tana da ƙuna a hannun hagu, tana warkewa, zan gaya maka yadda aka yi. Wadda ba ta da lafiya ita ce ƙanwarka Fortuna. A wasiƙu biyu da suka wuce na rubuta maka cewa tana samun sauƙi. Ba gaskiya ba ne, ɗana, ka yafe mini. Na ga kana da nisa, ba abin da za ka iya sai dai ka kasa barci. Yanzu kuwa akwai abin da za ka iya, kuma kai kaɗai ne za ka iya shi a duniya, shi ya sa na zauna da alƙalami tun bayan dawowa daga coci. Ka yi haƙuri da rubutun, hannuna ba ya sauri.

Tun da sanƙarau ya ɗauke mata ɗanta Mimmo a watan Fabrairu, bai ko cika shekara uku da rabi ba, Fortuna ba ta yi kuka irin na mutane ba. Ta zauna kawai. A ba ta abinci ta riƙe cokali har ya huce. Da na ga an yi wata biyu a haka, sai na yi mata shawarar da yanzu nake cizon yatsa a kanta. Ka tuna kakarka, yadda kowace Litinin take hawa jirgin ƙasa zuwa Napoli, ta sauka ɗakin ƙasusuwan nan, wurin ƙoƙon kan mamacin da ta ɗauka riƙo, ta goge shi, ta shimfiɗa masa hankici, ta kunna masa kyandir don Allah ya ba mai shi sanyi. Da wannan ta rayu bayan teku ta cinye mata 'ya'ya biyu. Na ce wa Fortuna ta je ita ma ta ɗauki riƙon wani mamaci marar kowa, ko hannunta ya samu abin yi. Ta je, ta tarar manyan coci sun sa an rufe wurin, wai abin ya zama camfi. Ta dawo da yamma. Ni na ɗauka maganar ta mutu ke nan.

Ashe daga tashar jirgi ba gida ta nufa ba, kufai ta shiga, tsohon garin nan na Pompei da toka ta binne tun zamanin da. Ka san Mastu Tore, abokin aikin babanka a wurin tono. Tun da bayansa ya lalace suka mai da shi gadin ɗakin ajiyar nan mai ƙarafuna, inda ake jibge tuluna. Shi ya gan ta tana yawo ita kaɗai da baƙaƙen kaya, ya kira ta ta zauna a inuwa, don darajar babanka. A cikin ɗakin akwai wani akwatin gilashi, da ɗan yaro na filasta a ciki, cikin waɗanda kuke zubawa a ramin da gawa ta bari a toka. Ta duba shi sau ɗaya ta ce Mimmo ne. Daga ranar, kullum sai ta taka daga Scafati zuwa Pompei da ƙafa, ta goge gilashin da hankici, ta ajiye fure, ta zauna tana yi masa hira har a kaɗa ƙararrawar rufe ƙofa. Fada, limamin cocinmu, ya kira ta ya ce mata waɗannan mutane sun mutu ba su san baftisma ba, ba a riƙonsu. Ta ce masa to shi ya sa ma suka fi kowa ƙishi.

Da farko mijinta Saverio bai hana ta ba, don ta fara cin abinci. Sai magana ta fara yawo. Baƙi masu zuwa kallo suka riƙa ɗaukarta hoto, wani ma ya jefa mata kuɗi a cinya, yana tsammani cikin abin kallon take. A masana'antar tumatirin gwangwani abokan aikinsa suka sa shi gaba, wai Saverio ya yi sa'a, ya samu ɗan da ba ya cin burodi, ba ya yage takalmi, kuma ya girmi Paparoma. Ya fasa wa ɗaya baki, saura kaɗan a kore shi. Duk wannan ya shanye. Amma ranar sha shida ga watan jiya, muna tsakiyar dafa tumatir na kwalba, Fortuna ta ɗora babbar tukunya a wuta a tsakar gidansu, ta ji ƙararrawar ƙarfe tara, ta ɗauki hankicinta ta fita. Ta bar Titina, yarinya 'yar shekara biyar, da tukunya tana tafasa. Yarinyar ta ga yana zuba, ta ɗauki ludayi za ta juya kamar yadda ta ga muna yi. Daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu fata ta tashi. Maƙwabta ne suka ji ihu.

Washegari Saverio ya zo wurina da hularsa a hannu. Kada ka zage shi, Aniello, mutumin kirki ne, ya rame har wando ba ya zama a ƙugunsa. Ya ce mini, Mama, ɗaya na binne, ba zan binne na biyu ba. Ya ce likita ya riga ya rubuta takardar kai ta asibitin mahaukata, sa hannunsa kawai ake jira. Na riƙe masa hannu, na roƙe shi da nonon uwarsa. Kai ma ka san 'yar Nannina mai wanki da aka kai can shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Uwar ta ce an aske mata kai, tana zaune a ƙasa, ba ta gane kowa. Ba a dawowa daga can, ko an dawo ba mutum ne ya dawo ba. Da ƙyar ya yarda ya jira har Lahadin farko ta Oktoba, ranar babbar addu'a a cocin Uwargijiyarmu Maryamu ta Pompei. Ya ce in har zuwa ranar Fortuna ta daina zuwa kufai da kanta, ba ɗaure ta aka yi ba, zai yaga takardar a gabana. In ba ta daina ba, ranar Litinin da safe zai sa hannu. Titina tana wurina yanzu.

Na yi wa Fortuna faɗa, na yi lallashi, na yi kuka. Ta saurare ni kamar mai sauraron ruwan sama. Da na gama sai ta ce, Mama, ke kika koya mini cewa wanda aka ɗauka riƙo ba a yar da shi, sai in mai shi ya bayyana. Ta ce in na zo na gan shi da idona na ce ba Mimmo ba ne, sai mu yi magana. Shi ya sa ranar Talata na bar babanka da Titina a hannun gwaggonka, na bi ta.

Shekarata hamsin da shida ina zaune a gefen garin nan, babanka ya yi talatin yana tono a cikinsa, kai ma ka yi shida tare da shi kafin ka tafi, amma ban taɓa taka ƙafata ciki ba. Uwata ta ce mace mai mutunci ba ta shiga, saboda abin da aka zana a bangwaye. Mastu Tore na hango ni a ƙofar ma'aikata sai ya ɗaga hannu sama, wai yau matattu sun yi babbar baƙuwa, Donna Nunziata da kanta, wadda ta ci burodinsu shekara talatin ba ta taɓa zuwa ta ce musu sannu ba. Na ce masa ai su ma ba su taɓa aiko mini da ko kofin kofi ba. Ya ce bakin nan dai bai tsufa ba, na ce nasa ma haƙora ne kawai suka gudu suka bar shi. Muka yi dariya.

Ni na ɗauka zan ga abin sarakuna. Abin da na gani unguwa ce kamar tamu, an cire mata rufi. Ga tanderun mai burodi, ba shi da bambanci da na bakin layinmu. Ga dokin ƙofa ya lotsa a tsakiya saboda ƙafafun masu shiga da fita, na tsaya ina tunanin matar da ta share shi kowace safiya. Duwatsun titin sun ci mini gwiwa, rana kuma ba inda za ka ɓuya mata, sai ƙadangaru ke gudu a bango. Fortuna tana gaba, ba ta duba dama ko hagu, tana tsallake ramuka ba ta ko kallon ƙasa, kamar mai komawa gidanta. Duk layin da muka shiga, in na ɗaga kai, Dutsen nan mai aman wuta yana tsaye a ƙarshensa. A gida na saba ba na ganinsa, ko da yana gabana. A can kuwa ba rufi, ba igiyar shanya, ba abin da zai tare maka shi.

Mastu Tore ya buɗe mana ƙarfen. Akwatin yana can ciki, tsakanin tuluna, gilashinsa yana ƙyalli, shi kaɗai ne abu mai tsabta a ɗakin. Fortuna ta durƙusa ta ce masa ga kaka ta zo. Yaron yana kwance a gefensa na dama, ƙafa ɗaya a naɗe, hannu ɗaya kusa da baki. Jikin duk gurje-gurje ne, kamar an kwaɓa shi da tsakuwa, yatsun ƙafa ma babu. Na zagaya ta wajen fuskar, na riga na shirya abin da zan ce, cewa wannan dunƙulen filasta ne, ba ya kama da kowa.

Aniello, ban iya faɗa ba. Fuskar sumul take, ba kamar jikin ba. Leɓen sama ya ɗan ɗago a tsakiya. Haɓar tana da ɗan rami. Kunnen hagu, wanda ke sama, a naɗe yake daga bisa, kamar an lanƙwasa ganye. Gaskiyar Fortuna ce, yana kama da Mimmo. Amma Mimmo kunnensa a miƙe yake, ni na yi masa wankan farko, na sani. Mai naɗaɗɗen kunne ɗaya na taɓa haifa, ƙaninka Rafele.

Kana da shekara bakwai lokacin, ban san abin da ka riƙe ba, kuma a gidanmu ba mu taɓa zama mun yi maganar ba. A watan Maris na shekarar arba'in da huɗu, da Dutsen ya yi aman wuta, toka ta kwana biyu tana sauka. Da gari ya waye, duk da ba a ga rana ba, maza suka hau rufi da shebur suna turo ta ƙasa, mu mata muna kwashewa da kwando daga bakin ƙofa. Rafele yana da zazzaɓi, ya samu barci da ƙyar. Na ce kada in fito da shi cikin wannan ƙura, na rufe shi da bargo a ɗakin baya, na ja ƙofa. Kai na ɗora maka tukunya a ka saboda tsakuwar da ke faɗowa, na riƙe ka kusa da ni. Ɗakin baya ne ba a kai ga share rufinsa ba. Ban ma ji ƙara mai yawa ba. Babanka ne ya tono shi da hannunsa, bai bar kowa ya taɓa shebur ba. An binne shi cikin gaggawa, lokacin yaƙi, kuma da aka zo kwashe ƙasusuwa daga kabari bayan shekaru, yadda aka saba, ba mu da gurbi a bangon maƙabarta, aka zuba nasa a ramin kowa da kowa. Ba mu da hotonsa ko ɗaya. Shekara ashirin da takwas ina neman fuskar nan a cikin kaina, kullum tana ƙara dushewa, har na kai in na rufe ido sai bargon kawai nake gani. Ranar Talata na gan ta a cikin gilashi, da rana tsaka, baƙi suna leƙe ta bayan ƙarfe suna cin lemo.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Mastu Tore ya kama ni ya fitar da ni inuwa, ya ba ni ruwa daga gorarsa, wanda rabinsa ba ruwa ba ne. Na tambaye shi wa ya zuba wannan yaro. Ya fara kame-kame, wai an daɗe, wai kansa ya zama rariya. Na ce masa, Tore, ka ci taliya a gidana ta fi gashin kanka yawa, kada ka yi mini haka. Sai ya zauna.

Ya ce a bazarar sittin da ɗaya ne, a wata gona ta gefen ganuwa. Su uku ne a ramin, shi da babanka da kai. Babanka ne ya ji diga ta yi ƙarar rami, ya tsayar da kowa. Kuka huda ƙananan kafofi, kuka dama filasta ruwa-ruwa, kuka zuba har ta cika, kuka bar ta ta sha iska. Da aka fara kankare tokar, baya ya fito, kafaɗa ta fito, ƙeya ta fito. Ya ce ya ƙwanƙwasa ƙeyar da ɗan yatsa, ya ji ta fayau, alamar iska ta tare filastar ba ta kai gaba ba. Har ya yi caca da babanka a kan kwalin taba cewa wannan ba zai fito da fuska ba, don ya ga irinsa da yawa, kai kamar burodin da bai tashi ba. A ranar zazzaɓi ya kwantar da shi kwana uku, babban malamin da ke duba aikin kuma yana Napoli. Da Tore ya dawo ya tarar da yaro da fuskar da bai taɓa ganin mai kyanta ba a shekara arba'in na tono. Ya kawo kwalin tabar, babanka ya ƙi karɓa, ya ce ya ba wani. Ya ce cike ɗan yatsa ko diddige da ya karye, kowa yana yi, ba a ɗauke shi komai ba. Amma fuska ba a taɓa ta, wanda aka kama ya yi, aikinsa ya ƙare. Ya ce shi bai gani ba, ba zai rantse ba, kuma bai taɓa tambaya ba. Wanda ya kwana uku a ramin nan da babanka Sabatino, in ji shi, yana can ƙarshen duniya yana narka ƙarfe.

Da na dawo gida na zauna a bakin gadon babanka, na kama hannunsa mai lafiya, na duba babban yatsan nan nasa da filasta ta cinye wa fata. Na ce masa na je kufai, na ga yaron. Na ce, Sabatì, in kai ka yi, ka matse mini hannu. Bai matse ba, bai saki ba. Hawaye suka zubo masa. Amma tun da ciwon nan ya same shi yana kuka in an kawo miya, yana kuka in kyanwa ta shigo, don haka ban san ko amsa ce ba. Na yi fushi da shi, Allah ya gafarta mini, mutum yana kwance ba baki. In shi ya yi, to shekara goma sha ɗaya yana fita kowace safiya yana ganin ɗana, yana dawowa ya ci abincina, bai taɓa cewa Nunzia, sa mayafinki ki zo ki gani ba. Daga baya kuma na tuna cewa ni ce na ja ƙofar ɗakin nan, kuma bai taɓa faɗa mini haka ba ko sau ɗaya, ko cikin faɗa. Wataƙila shirun duk guda ne.

Ranar Laraba na gaya wa Fortuna komai, har da abin da ban taɓa gaya mata ba game da yayanta Rafele da ba ta sani ba, don ita sai bayan shekara biyu aka haife ta. Ta ce Mastu Tore tsohon mashayi ne, da Saverio muka haɗa baki. Na rantse mata da Uwargijiyarmu. Ta riƙa ninke hankicin tana warwarewa. Sannan ta ce ita ta ji a jikinta yaron nan ya kira ta, kuma ba za ta bar shi cikin tuluna ba kowa ba, ko za a yanka ta. Amma in gaske ne fuskar Rafele ce, to yana da mai shi, wato ni uwarsa, kuma na riga ta. Ta ce ita ba ɓarauniya ba ce, ba a karɓe wa mace wanda take riƙo, kakarku ma ta taɓa marin wata a kan haka. Ta ce in Yaya Aniello ya rubuto da hannunsa, da sunanta a bayan ambulan, cewa ya ga Baba ya yi fuskar nan, za ta ba ni hankicin a gaban akwatin, ta koma gida wurin Titina. Ta ce kai ba ka taɓa yi mata ƙarya ba, ko ranar da za ka hau jirgin ruwa, da kowa yake ce mata shekara biyu za ka yi, kai ka ce mata ba ka jin za ka dawo.

To ka ji inda muke. Na gaya wa Saverio, ya ce shi bai gane wannan lissafi na mata ba, amma in zai dawo masa da matarsa, ko jaki aka ce ya sumbata zai sumbata. Gwaggonka ta ce duk mun haukace, a ƙara gado biyu a asibitin. Fada ban gaya masa ba tukuna. Ban sani ba ko Fortuna za ta warke. Mai yiwuwa ta ba ni hankicin ta koma zaman da take yi a da, da cokali a hannu. Amma za ta yi zaman a gidanta, 'yarta tana ganinta, ni ina iya kai mata miya. Wannan kaɗai nake nema yanzu.

Kada ka damu da ni. In riƙon ya dawo hannuna zan iya. Litinin kawai zan riƙa zuwa, kamar yadda aka saba, ba kullum ba, kuma Mastu Tore ya ce zai ajiye mini kujera. Ba zan ɓoye maka ba, tun ranar Talata ƙafata take son komawa, jiya har na kai bakin gada da kwandon cefane kafin na juyo. Na san akwai ɗan wata a cikin filastar nan, da ƙasusuwansa, wanda uwarsa ita ma ta ce bari ya ɗan yi barci. Ba zan raba su ba, duka biyun zan goge musu gilashi.

Abin da nake roƙonka shi ne ka zauna ka tuna kwana ukun nan. Na san in babanka ya yi, ya sa ka rantse ba za ka faɗa ba, don na san halinsa. Na ɗauke maka wannan rantsuwa, alhakin a wuyana. Ba wanda zai kore shi daga aiki yanzu, kuma takardar ba za ta fita daga gidan nan ba. Ka rubuta wa Fortuna dabam, a kan adireshin gidan Saverio, da hannunka, kada Rosaria ta rubuta maka, don ta san rubutunka. Ka faɗi abin da ka gani filla-filla, da wane abu ya yi aikin, da abin da ya ce, don za ta yi maka tambayoyi a zuciyarta, in ta ga rami a labarin ba za ta yarda ba.

In kuma ba haka aka yi ba, in fuskar haka ta fito daga toka, ni ce tsohuwar da idonta ya ga abin da yake so, to ban san abin da zan ce maka ba. Ban taɓa koya maka ƙarya ba, kuma ba zan fara da tsufana a kan takarda ba. Zan dai gaya maka cewa ƙanwarka yanzu nauyinta bai fi na yarinya ba, kuma Titina ta tambaye ni shekaranjiya ko in ita ma ta kwanta ba ta motsi Mama za ta zo ta zauna kusa da ita. Ka san wannan kafin ka ɗauki alƙalami. Abin da ka rubuta wa Fortuna tsakaninka da Allah ne, ba zan tambaye ka ba. Ni kuwa, in gaskiyar dabam ce, kada ka aiko mini da ita. Ka bar ni da abin da na gani.

Mai gidan waya ya ce wasiƙar jirgin sama tana yin kwana goma zuwa wurinku, goma dawowa, in ba a yi yajin aiki ba. Gobe da sassafe zan kai wannan. Ka ga ke nan kwanakin da ke hannunka ba su fi bakwai ba. Lahadin farko ta Oktoba ita ce ɗaya ga wata, kuma ba a raba wasiƙa ranar Lahadi, don haka lallai amsarka ta shigo hannun Fortuna kafin Asabar, talatin ga Satumba. Kada ka jira ranar hutu, kada ka jira ka samu kalmomi masu kyau. Ka rubuta a ranar da ka karanta.

Ka gaishe mini da Rosaria, ka ce na gode da rigar sanyin, babanka ne yake sa ta. Ka sumbaci Sabatino ƙarami da Lucia, ka ce kakarsu tana ambaton sunansu kowace safiya. Ka gaida surukinka Don Catello da mutanen garinmu da ke can. Gwaggonka Assunta tana gaishe ka, Saverio ma ya ce a gaishe ka, ya ce kada ka riƙe shi a zuciya. Na karanta wa babanka sunanka a saman takardar, ya daɗe yana kallo. Allah ya yi maka albarka, ya ba matattunmu sanyi.

Ni ce uwarka,
Nunziata